Treichville da Adar: Tarihin Unguwar Bakin Tasha da Ƙauyukan da Suka Jingina da Ita

Gabatarwa

Babu teku a yankin Adar na ƙasar Nijar. Duk hanyar da mota ta ɗauka daga Madawa, sai ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin ta isa gaɓa. Amma wanda ya zauna cikin dattawa a ƙauyukan Buza ko Keita zai ji ana ambaton Treichville da Ajame da Port-Bouët ba tare da an tsaya yi wa kowa bayani ba, domin da wuya a sami zuri'ar da ba ta da wanda ya taɓa cin rani a Abijan. Wannan nazari ya bi tarihin Treichville, unguwar da ke bakin tashar jiragen ruwan Abijan a ƙasar Kodebuwa, don ya nuna cewa ita da kwarurrukan Majiya da Tarka tarihinsu a haɗe yake. Unguwar ta ginu da ƙarfin baƙi masu arha, ƙauyukan kuma sun tsallake shekarun fari da kuɗin da baƙin suka aiko. Yau tashar ta rage buƙatar ƙarfin mutum, birnin kuma ya fara ƙosawa da ƙananan sana'o'in bakin titi. Wajibi ne mutanen Adar su san yadda wannan alaƙa ta ƙullu da inda take kwancewa.

Gaɓar da ba ta da mashiga

Gaɓar Kodebuwa ta wajen Abijan dogon tudun yashi ce, igiyar ruwa na dukanta dare da rana, ba ta da lungun da babban jirgi zai fake. A bayan yashin akwai tafkin Ebrié, mai faɗi da kwanciyar ruwa, sai dai a rufe yake. Turawan Faransa sun fara kafa hedikwatarsu a Grand-Bassam a 1893. Zazzaɓin shawara ya yi musu ɓarna a 1899, suka koma Bingerville a 1900. A wancan zamani jirgi yakan tsaya ne can nesa, a ɗebo kayansa da kwalekwale zuwa wata gadar ƙarfe da aka miƙa cikin teku, sannan a ɗaga su sama. Aiki ne mai jinkiri da haɗari, kaya na jiƙewa, mutane na nutsewa.

A 1904 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan zuwa arewa. Ya kai Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954. Sunansa layin Abijan zuwa Neja, ko da yake bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Tun farkon aikin injiniyoyi suka yi ƙoƙarin yanka tudun yashin a Port-Bouët don su haɗa teku da tafki, yashi ya sake toshe ramin. An gina wata gadar ƙarfe a nan Port-Bouët a 1931, Abijan ta zama babban birni a 1934, aka sake gwada haƙa a wani wurin, yaƙin duniya na biyu ya tsai da aikin. Sai a watan Yuli na 1950 aka fasa mashigin Vridi mai tsawon kilomita 2.7, ruwan teku ya shiga tafki. A Fabrairun 1951 François Mitterrand, wanda a lokacin ministan ƙasashen renon Faransa ne, ya buɗe tashar. Daga ranar jirgi ya iya jingina da gaɓa a sauke shi kai tsaye. Birnin da a 1950 mutanensa ba su kai 100,000 ba ya doshi miliyan ɗaya a 1975.

Birni biyu, ruwa a tsakani

Tsarin mulkin mallaka ya raba Abijan gida biyu. Tudun Plateau na Turawa ne da ofisoshinsu. Baƙar fata aka ware musu Ajame a arewa, da kuma tsibirin Petit-Bassam a kudu, inda ƙauyen Anoumabo na ƙabilar Ebrié yake. Wannan ɓangare na kudu shi aka laƙaba wa sunan Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya ƙulla yarjejeniyoyin mamayar ƙasar, ya mutu a 1890. Gada mai yawo a kan ruwa ta haɗa unguwar da Plateau tun 1931, har aka maye gurbinta da gadar Houphouët-Boigny a 1957, aka ƙara ta De Gaulle a 1967.

An yanka Treichville layi-layi, tituna na gicciye da juna, yawancinsu lamba ce sunansu. A cikin kowane fili mai gida yakan gina jerin ɗakuna su kewaye tsakar gida ɗaya. Famfo ɗaya ne, bayan gida a kusurwa, mata na girki a tsakar gida kowacce da murhunta, igiyar shanya ta ratsa daga bango zuwa bango. Ɗaki guda shi ne wurin kwana da ajiya. Samari biyar ko shida 'yan gari ɗaya sukan haɗa kuɗin haya, tabarmi a naɗe da rana, jakunkuna a rataye a ƙusa. Wannan irin gida shi ne ginshiƙin unguwar, domin ya ba baƙo abu biyu da ba ya iya yi sai da su: makwanci mai araha da kusanci da ƙofar tasha. A kewayen gidajen kuwa ga tashar jirgin ƙasa, ga ɗakunan ajiyar koko da kofi, ga masana'antu, ga babbar kasuwa.

Inda leburori da akawuna da 'yan kasuwa daga ƙasashe da dama suka cakuɗu, siyasa ba ta daɗewa ba ta tsiro ba. A Treichville aka kafa jam'iyyar PDCI a Afrilun 1946, watan da majalisar Faransa ta zartar da dokar da Félix Houphouët-Boigny ya gabatar ta soke aikin tilas. Rikicin 6 ga Fabrairu 1949, wanda ya kai ga ɗaure shugabannin jam'iyyar da tattakin mata zuwa kurkukun Grand-Bassam a Disambar shekarar, shi ma a nan ya tashi. Dokar 1946 ta shafi Adar kai tsaye. Saurayin da a da sarki zai iya miƙa shi ga aikin hanya ba lada, yanzu ya sami damar kai ƙarfinsa inda za a biya shi.

Abin da ya taso da mutanen Adar

Tafiya kudu ba sabon abu ba ce ga Bahaushe, tun zamanin fataucin goro a Gwanja. Amma cin rani irin na ƙarni na ashirin dalilansa daban ne. Adar ƙasa ce ta tuddan dutse da kwarurruka. Gonar kirki tana cikin kwari, ita kuma ba ta ƙaruwa, alhali jama'a na ƙaruwa. Damina wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekara hannu ba aiki. A kan wannan Bature ya ɗora harajin kai, wanda sai da tsabar kuɗi ake biya, a yankin da ba shi da gyaɗa mai yawa irin ta Maraɗi da Damagaram. Sai al'ada ta kafu: a tashi bayan kaka, a rage bakin da ke cin rumbu, a dawo da faɗuwar ruwa da kuɗin haraji da tufafi da sadaki.

Da farko Gana da Najeriya suka fi jan mutane. Abubuwa uku suka karkato da ayarin zuwa Abijan. Na farko, ƙofofi sun rufe a wasu wuraren: gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a ƙarshen 1969, gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya a Janairun 1983, sannan iyakokin Najeriya suka kasance a rufe daga 1984 zuwa 1986. Na biyu, Houphouët-Boigny, da ya zama shugaban Kodebuwa, ya gina arzikin ƙasarsa a kan maraba da baƙi, saboda gonakin koko da tashar ruwa suna son hannaye. Na uku, kuɗi ɗaya ne. Jakar sefa da aka samu a Treichville ita ce jakar da za a kashe a kasuwar Buza, babu ɗan canji a tsakani, babu fargabar faɗuwar sidi ko naira. Da farin 1973 da na 1984 suka cinye dabbobi da hatsi, hanyar ta riga ta buɗu, masauki na nan, sai ƙauyuka suka kwarara.

Ɗan dako a ƙofar tasha

Muna da shaida ta gani da ido a kan Treichville ta shekarun farko na tashar. Jean Rouch, wanda ya daɗe yana binciken ƙaurar 'yan Nijar zuwa gaɓa, ya fitar da fim ɗinsa Moi, un Noir a 1958, kuma a cikin unguwar ya ɗauke shi da samarin Nijar masu neman abinci. Jigon fim ɗin shi ne Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocina, ya dawo ya zama lebura a tashar Abijan. Daga baya ya koma gida ya zama mai shirya fim, ya ci babbar kyautar bikin finafinan Wagadugu a 1972, ya rasu a 1981.

Abin da fim ɗin ya adana shi ne yanayin aikin. Lebura ba shi da kwantiragi. Yakan yi sammako ya tsaya inda ake ɗiban ma'aikata, in jirgi ya shigo a ɗauke shi na yini, in babu ya koma hannu rabbana. Buhun kofi da na koko a kafaɗa ake ɗaukarsu, daga ɗakin ajiya zuwa gindin jirgi. Irin wannan aiki ya dace da ɗan cin rani, shi ma ya dace da kamfanoni. Ba ya bukatar takardar makaranta ko Faransanci mai yawa. Mai aikin kuma ba zai nemi fansho ko gidan iyali ba, tunda matarsa da 'ya'yansa da tsufansa duk ƙauye ne zai ɗauke su. A nan asirin arhar ƙwadagon yake. Ƙauyen Sahel ne ya raini yaron har ya girma, shi zai karɓe shi idan baya ya ƙage, tasha kuwa shekarun ƙarfinsa kaɗai ta saya.

Daga dako zuwa sana'a

Samarin da ke cikin fim ɗin Rouch mutanen yammacin Nijar ne. Adarawa da suka yawaita daga baya sun fi kafa ƙafa a sana'o'in da ke rayuwa a gefen tashar: talla, shayi da burodi, tsire da balangu, sayar da katako, da cinikin albasa. Tsarin maigida shi ya riƙe su. Wanda ya riga zuwa yakan sauki ƙaninsa ko ɗan garinsu, ya ba shi jari ko tebur, in ya yi shekara ɗaya ko biyu ya koma gida wani ɗan'uwan ya karɓi teburin. Ta haka wurin sana'a ke zama a hannun gida ɗaya shekaru da dama ba tare da an rubuta komai ba.

Sana'ar da ta fi nuna yadda tasha ke ciyar da na gefenta ita ce sayar da garba, abincin talakan Abijan, wanda Hausawan Nijar suka yi fice a kansa. Abijan babbar tashar kifin tuna ce a gaɓar yammacin Afirka, da masana'antun kifin gwangwani a bakin ruwa. Jiragen kamun kifi suna adana shi cikin ruwan gishiri mai sanyi. Wanda ya yi ƙanƙanta ko ya farfashe, masana'anta ba ta karɓa, sai a fitar da shi kasuwar gari. Shi mai garba ke saya, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya barbaɗe da fulawa, ya soya a babban kasko. A gefe ga kwanon dambun rogo da ake kira aceke. Mai saye ya nuna yankan da yake so da cokali mai yatsu, a zuba masa aceken, a yayyanka ɗanyen barkono da albasa a kai, a ɗiga man suyar. Ɗalibi da direba da lebura duk a benci ɗaya suke ci. Ragowar kifin da ake kai wa Turai, da rogon kudu, da hannun ɗan Sahel, su suka haɗu suka zama abincin da a yau 'yan Kodebuwa ke alfahari da shi.

Albasa kuwa ta juya alaƙar ta wata fuskar, domin a nan amfanin gonar Adar ne ke bin mutanenta. Jar albasar Galmi, wadda ake nomawa da rani a kwarin Tarka da Majiya, ana loda ta a Madawa da garuruwan da ke kan babbar hanya ta ɗaya. Mota ta bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai, ta ratsa Burkina Faso, ta gangara Buwake har Abijan, tafiyar fiye da kilomita 2,000. Masu karɓarta a can galibi 'yan gida ne. Sai dai tashar da ta ba Ba'adare abin yi ita ke shigo masa da abokin gasa. Albasarmu tana cika kasuwa a watannin Maris da Afrilu, farashi ya faɗi. Wadda aka ajiye a rudu kashi mai yawa nata yakan ruɓe kafin ta yi tsada. Daidai lokacin da ta yi ƙaranci, albasar Holan ke sauka a tashar Abijan cikin kwantena. Manomin Madawa ba a gona ake kayar da shi ba, a wurin ajiya da kan hanya ne.

Kwantena da darasin Liverpool

Abin da ya sauya unguwannin bakin tasha a duk duniya shi ne akwatin ƙarfe. Tun da aka fara jigila da kwantena a Amurka a 1956, aikin da gungun mutane ke yi kwanaki ya koma na inji da mutum kaɗan cikin sa'o'i. Liverpool a Ingila, birnin da jiragensa suka daɗe suna zirga-zirga zuwa gaɓar yammacin Afirka, misali ne bayyananne. Tashar Albert da aka buɗe a 1846 ta rufe a 1972, shekarar da sabuwar tashar kwantena ta Seaforth ta fara aiki can bakin kogi. Rashin aiki ya addabi unguwannin ma'aikata, tarzomar Toxteth ta ɓarke a 1981. An gyara tsofaffin ɗakunan ajiyar, aka sake buɗe su a 1988 a matsayin gidajen tarihi da shaguna. UNESCO ta sa bakin ruwan cikin kayan tarihin duniya a 2004, ta cire shi a 2021 saboda sababbin gine-gine. Gine-ginen sun farfaɗo, amma aikin da ya riƙe iyalan 'yan dako bai dawo ba.

Abijan ta bi wannan sawu da nata salon. An miƙa tashar kwantena ta Vridi ga rukunin Bolloré a 2004. An kammala faɗaɗa mashigin Vridi a 2019 don manyan jirage, aka buɗe tashar kwantena ta biyu a Disambar 2022. Tashar ta fi kowane lokaci kaya, amma a bayan shinge take, shiga sai da kati, aikin kuma na masu sarrafa inji ne. Treichville ba ta mutu ba, tana da babban asibiti da fadar al'adu da kasuwar da aka sake ginawa bayan gobarar 1997. Sai dai ta daina zama masaukin farko na talakan baƙo. Ƙidayar 2014 ta sami mutum kimanin 102,000 a cikinta, a birnin da ya haura miliyan huɗu. Fili ya yi tsada, benaye da shaguna na cin tsofaffin gidajen haya, sabon zuwa kuma sai ya nufi Abobo ko Yopougon ko unguwannin bayan Port-Bouët.

Baƙunci da takarda

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, siyasar Kodebuwa kuwa ta sha tuna wa mutanenmu haka. Da farashin koko ya faɗi, aka ƙaƙaba wa baƙi katin zama a farkon shekarun 1990, ba a ɗage shi ga 'yan yammacin Afirka ba sai 2007. Aƙidar fifita ɗan asali ta zamanin shugaba Henri Konan Bédié ta mai da duk mai suna irin na arewa abin zargi. Bayan tawayen 19 ga Satumba 2002 an ƙone unguwannin marasa galihu a Abijan, rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 ya sake koro dubban mutane gida. A Afrilun 2024 hukumar birnin ta hana talla a manyan tituna da tura baro, a tsakiyar rushe-rushen unguwanni. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa makomar 'yancin zirga-zirga da zama ta dogara da sabuwar tattaunawa. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan tebur ɗaya ba tare da takardar fili ko rajistar sana'a ba, cikin safiya ɗaya za a iya raba shi da komai.

Abin da ya koma gida

Kuɗin Abijan ya sayi gero a shekarun yunwa, ya ɗaura aure, ya rufa ɗakuna da kwano, ya gina masallatai, ya sayi injin ban ruwa. Amma akwai farashin da ba a lissafawa. Lokacin da aka fara dasa layukan dogon yaro don kare iska a kwarin Majiya a 1975, da lokacin da aikin raya karkara na Keita ya fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO, rani ne lokacin aiki, maza kuwa suna kurmi. A Keita mata ne suka fi yawa a fagen. Su suka ɗauko duwatsu a ka, suka jera shingaye, suka haƙa ramukan dashe a kan tuddai, ana biyansu da abinci. Miliyoyin itatuwa da ƙasar da aka farfaɗo da ita a gundumar, yawancinsu aikin hannun matan da mazajensu ke bakin teku ne. Duk lissafin ribar cin rani da ya manta da su gurgu ne.

Kammalawa

Tarihin Treichville ya nuna cewa unguwar bakin tasha tana buɗe wa baƙo ƙofa ne muddin ana son kafaɗarsa kuma ɗaki na da araha. Sharuɗɗan biyu duk sun raunana. Saboda haka aiki uku ne a gabanmu. Ƙungiyoyin 'yan Adar a Abijan su mai da rajistar sana'a da takardun zama babban abin da suke tara kuɗi dominsa. Ƙananan hukumomin Madawa da Buza da Keita su samar da hanyar da kuɗin 'yan cin rani zai shiga ɗakunan ajiyar albasa masu iska da rijiyoyin noman rani, inda gasar da Holan take a zahiri. Jami'ar Tawa kuma ta tura ɗalibanta su ɗauki bayanan tsofaffin da suka yi dako da talla a Treichville, da na matan da suka ɗauki duwatsun Keita, tun suna da rai. Su ne kaɗai suka san nawa aka biya su, wa ya sauke su, da abin da suka rasa, kuma da wannan sani ne saurayin da ke shirin hawa mota bayan kakar bana zai auna ko tafiyar ta ci kuɗinta.